Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955)

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi ba da tarihin kasuwanci a Nijeriya, ba makawa sai ya ambaci sunan Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a zamanin da fatake suke tafiya a ƙasa da jakuna, ana kuma saye da sayarwa da wuri. Ya rasu a zamanin jirgin ƙasa da banki da manyan motocin ɗaukar kaya. A tsakanin waɗannan zamunna biyu hanyar ciniki ta sauya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowane sauyi ya durƙusar da wasu attajirai waɗanda suka kasa barin abin da suka saba. Shi kuwa Alhassan, duk lokacin da hanya ta juya sai ya juya tare da ita, amma bai taɓa yar da abubuwa biyu da ya koya tun yana yaro ba, wato tanadi da riƙon amana. Lokacin da ya rasu a shekarar 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. A wannan darasi za mu ga yadda maraya, wanda har bauta ya taɓa faɗawa, ya kai ga wannan matsayi.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji, cikin ƙasar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zariya. Iyayensa Agalawa ne. Agalawa wasu mutane ne da kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Buzaye na arewa, suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, suka zama Hausawa. Sun shahara da fatauci, musamman fataucin goro. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe mafi yawan wannan ciniki a ƙarni na 19.

Sunan mahaifinsa Abdullahi. Shi madugu ne, wato shugaban ayarin fatake. Gidansu ya daɗe cikin wannan sana'a, domin kakansu, Baba Talatin, wanda ya baro Katsina ya zauna a Madobi, babban falke ne a zamaninsa. Daga Madobi ne Abdullahi ya koma Bebeji da zama. Mahaifiyar Alhassan kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta. Ke nan Alhassan ya gaji ciniki ta wajen uwa da ta wajen uba.

Ƙuruciya a Hannun Tata

Alhassan bai daɗe a inuwar mahaifinsa ba. Yana da kimanin shekara takwas Allah ya yi wa Abdullahi rasuwa. Bayan haka Amarya ta tashi ta koma birnin Akara, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda take da harkokin ciniki. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Wannan tsohuwa ce ta rene shi, har mutane suka riƙa kiran sa ɗan Tata. Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma zama sunan zuriyarsa baki ɗaya. Abin lura ne a ce ɗaya daga cikin manyan sunayen dukiya a Nijeriya ya samo asali daga sunan baiwar da ba ta mallaki komai ba.

An sa Alhassan a makarantar allo a Bebeji. Abin da ya samu na gādo bai kai ya riƙe shi ba, don haka ya rayu kamar sauran almajirai: yana karatu, yana kuma yin 'yan aikace-aikace domin ya sami abinci da sutura. Tata ta hore shi da kada ya cinye duk abin da ya samu. Ta koya masa ya riƙa ware wani abu yana jefawa a asusu. A wancan lokaci asusu ɗan tulu ne na yumɓu mai ƙaramar kafa, wanda idan an jefa kuɗi ba sa fitowa sai an fasa shi. Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika. Wannan shi ne darasin kasuwanci na farko da Alhassan ya koya.

Da ya kai kimanin shekara 15, sai ya bi wani ayari mai zuwa Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sayar da sauran a Akara. Ya isa yana zaton zai huta a gidan uwa mai arziki, amma ba haka ta kasance ba. Amarya ta kai shi wurin wani malami, ta bar shi can ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin komawarsa ya yi. Daga nan ya gane cewa dukiyar iyaye ba abar dogaro ba ce.

Yadda Fataucin Gwanja Yake

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san irin cinikin da Alhassan ya tashi a cikinsa. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma Hausawa ba su da abin da ya kai shi daraja wajen biki da suna da ɗaurin aure da karɓar baƙo. Goron da suka fi so yana fitowa ne daga dazuzzukan ƙasar Asante. Ana kawo shi kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suke saye. Wannan irin goro shi ne Yarabawa suke kira gbanja, sunan da ya fito daga Gwanja, Ibo kuma suna kiran sa gworo.

Ayari kan tashi daga Kano da rani, da jakuna da alfadarai da takarkarai da 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka. Sukan ɗauki kanwa da tufafin rini da fatu da busasshiyar albasa. Sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta ƙasar Dagomba har su isa Salaga. Madugu ne yake zaɓar zangon da za a sauka, shi yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi kuma yake shirya tsaro saboda 'yan fashi. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har kusan shekara guda.

Ga shi kuma goro kaya ne mai saurin lalacewa. Ana ɗaure shi a huhu da ɗanyen ganye. Dole ne a riƙa kwance huhun a hanya, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sāke ɗaurewa. Idan falke ya yi sakaci, sai ya isa Kano da rabin kayansa a ruɓe. Saboda tsawon hanya da yawan haɗari, ciniki ba ya yiwuwa sai da amana. Falke kan karɓi kaya bashi, ba takarda ba sa hannu, ya dawo bayan shekara ya biya. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa kowane zango.

Yaƙin Basasa

Bayan komawar Alhassan Bebeji, sai fitina ta tashi a ƙasar Kano. A shekarar 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin jagorancin Yusufu, ba su yarda ba. Suka fita daga birni suka tara mayaƙa. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba, wanda ake kira Alu, ya karɓi jagoranci, ya ci birnin Kano a 1894.

Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da aka ci su da yaƙi sai abin ya shafe su. Aka ƙwace dukiyoyi, aka kama mutane aka mai da su bayi. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama. Daga baya suka fanshi kansu suka koma Bebeji. Saurayin da ya fito daga gidan madugai ya wayi gari ba shi da komai. Sai dai akwai abin da yaƙi bai iya ƙwacewa ba: ya san hanya, ya san goro, kuma 'yan kasuwa sun san gidan da ya fito. Da wannan ya sāke ɗaura ɗamara.

Daga Jaki zuwa Jirgin Ruwa

A daidai wannan lokaci tsohuwar hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, goro ya fara gangarawa kudu zuwa bakin teku. A 1892 kuma yaƙin cikin gida ya wargaza kasuwar Salaga. Jiragen ruwa masu aiki da tururi suka soma ɗaukar goro daga gaɓar Gana zuwa Legas, wadda Hausawan dā suke kira Ikko. A 1901 jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan. A 1903 kuma Turawa suka ci Kano, bayan sun bi ta Bebeji.

Fatake da dama sun ci gaba da bin hanyar kakanninsu. Alhassan kuwa ya duba ya ga in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya fara gangarawa Ibadan da Legas. Daga Legas ya riƙa shiga jirgin ruwa zuwa Akara da Sakandi, ya shiga Kumasi ya sayi goro, ya yi lodinsa a jirgi zuwa Legas, inda yake sayar wa fataken da za su kai shi arewa. Yana cikin 'yan arewa na farko da suka mai da wannan hanya abar bi a kai a kai.

Hikimar wannan mataki a fili take. Mai ayari yakan juya kuɗinsa sau ɗaya a shekara, amma mai bin teku yana iya juya nasa sau da yawa. Goro yana isa kasuwa da sauran ɗanyensa, don haka asara tana raguwa. Ba kuɗin fito a kowace ƙasa, ba kuma fargabar 'yan fashi. Ko da ribar kowace tafiya ba ta da yawa, yawan tafiye-tafiyen yakan sa ta taru. Wajen shekarar 1906 ya faɗaɗa cinikinsa, ya haɗa da duwatsun ado da tsakiya da yadudduka na Turai, waɗanda yake saye a bakin teku ya kai arewa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a Akara, sai ya fi mai da hankali ga Legas da Kano.

Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

Sauyi na biyu ya fi na farko girma. A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 kuma aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Tafiyar da take cin makonni ta koma ta 'yan kwanaki. A cikin waɗannan shekaru Alhassan ya bar Bebeji ya tare a birnin Kano, ya gina gida a unguwar Sarari.

Turawa sun shimfiɗa dogo ne da fatan za su riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda Turawa suke tayawa, saboda haka ba dalilin sayar musu. Gyaɗa kuwa an daɗe ana noma ta domin mai da ƙuliƙuli, tana yi sosai a jigawa, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. A Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da shi, ga kuma masana'antun sabulu suna neman mai. Sai farashin gyaɗa ya tashi. Bugu da ƙari, gwamnatin mulkin mallaka tana karɓar haraji da kuɗin Turawa, ba da wuri ba, don haka manomi yana bukatar abin da zai sayar ya sami sulalla. Cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗa ta mamaye kasuwar Kano.

Kamfanonin Turawa sun buɗe kantuna kusa da tashar jirgi, amma suna da babbar matsala. Ba su san ƙauyuka ba, ba su san manoma ba, manoma kuma ba su yarda da su ba. Suna bukatar 'yan ƙasa masu jari da mutane, waɗanda za su shiga tsakani. Waɗanda suka fi dacewa da wannan aiki su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A shekarar 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, shi kuwa ya amince.

Yadda Ya Tafiyar da Cinikin

Ga yadda aikin yake gudana. Kamfani yakan ba babban wakili kuɗi kafin kaka. Wakili ya rarraba kuɗin ga yaransa, su kuma su bazu cikin ƙauyuka da kasuwanni. Idan an cire gyaɗa an ɓare ta, sai su auna su saya, su ɗura a buhuna, a ɗoro a kan jakuna da raƙuma zuwa Kano. A can a ɗora a sikeli, a biya wakili ladansa bisa yawan abin da ya kawo.

Alhassan ya fi sauran wakilai da abubuwa uku. Na farko, yana da jarin kansa daga cinikin goro, saboda haka ba sai ya jira kuɗin kamfani ba kafin ya fara saye. Na biyu, yana da mutane a ƙasa. Yaran da suke sayar masa da goro da yadi a ƙauyuka su ne suka koma saya masa gyaɗa. Ba sabon gini ya yi ba, tsohon gini ya ɗora wa sabon kaya. Na uku, an san shi da cika alkawari. Kuɗi masu yawa suna fita daga hannunsa zuwa hannun mutanen da suke nesa da shi, kuma abin da yake dawo da su shi ne irin amanar nan ta zamanin ayari. Wanda ya riƙe amana cikin yaransa, yakan ƙara masa jari har shi ma ya tsaya da ƙafarsa.

A shekarar 1929 aka haɗa Niger Company da wani babban kamfani, aka kafa United Africa Company, wanda aka fi sani da UAC. Alhassan ya zama babban mai kawo wa wannan kamfani gyaɗa a Kano.

Sai dai kada mu ɗauka cewa cinikin ba shi da aibu. Ba manomi ne yake yanka farashi ba, ba kuma Alhassan ba. Farashi yana fitowa ne daga kasuwannin Turai da ofisoshin manyan kamfanoni, kuma su ne suke da jirage da ikon fitar da kaya waje. Manomin da ya karɓi kuɗi kafin kaka saboda matsi yakan sayar da amfaninsa da araha. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, manoma da ƙananan 'yan kasuwa suka sha wuya. Abin da ya taimaki Alhassan shi ne bai zuba dukiyarsa a sana'a ɗaya ba. Bai bar goro ba, yana kuma cinikin shanu da yadi da hatsi da duwatsun ado, ga filaye da gidaje. Idan wannan kasuwa ta yi sanyi, waccan sai ta riƙe shi.

Raƙuma Ashirin a Ƙofar Banki

A zamanin dā attajiri yakan ajiye dukiyarsa a gida, ko ya binne ta a tukwane, ko ya mai da ita dabbobi da tufafi. Mutane ba su saba da miƙa kuɗinsu ga baƙo ya ajiye musu ba. Daga baya bankin da ake kira Bank of British West Africa, wanda yanzu ya zama First Bank, ya buɗe reshe a Kano. Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa da aka ɗauko a kan raƙuma 20. Wannan labari ya bazu ko'ina, har yau kuma ana ba da shi.

Ba don nuna arziki ya yi haka ba, domin shi mutum ne mai gudun alfahari. Ya gane cewa mai ciniki tsakanin Kano da Legas da Akara ba zai yi ta jigilar buhunan sulalla ba. Ta hanyar banki yana iya biyan kuɗi a wani gari ba tare da ya ɗauki ko sisi ba, kuɗinsa kuma sun tsira daga gobara da ɓarayi. Wannan shi ne sauyi na uku da ya karɓa tun wasu suna ɗari-ɗari.

Dalar Gyaɗa

Gyaɗar da ake sayowa da kaka ta fi ƙarfin abin da jirgin ƙasa zai kwashe a lokaci ɗaya. Dole a sami inda za a ajiye ta har layi ya zo kanta. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi, sama da tsini, har su yi tsororuwa. Hausawa suka kira wannan tsari dala, sunan da ya yi daidai da na dutsen Dala na cikin birnin Kano. Dala guda tana iya ɗaukar buhu 15,000. Idan damina ta gabato sai a lulluɓe ta da tamfol. Ana danganta fara wannan dabara ga Alhassan Ɗantata. Dalar gyaɗa ta zama alamar arzikin Nijeriya ta Arewa, har aka riƙa buga hotonta a littattafai da kan sarki.

Tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe ikon sayen gyaɗa da yanka farashinta, daga baya ta kafa hukumar ciniki ta musamman. Sai wanda hukuma ta ba lasisi yake iya saya mata kai tsaye, kuma da farko kamfanonin baƙi ne suka riƙe wannan dama. A farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa lasisin. Bayan shekaru fiye da 30 yana saya wa wasu, ya zama mai cin gashin kansa.

Halinsa da Hidimar Jama'a

Duk da yawan dukiyarsa, an san Alhassan da sauƙin kai da tsantseni wajen kashe kuɗi. Yana kula da lissafin cinikinsa da kansa, ba ya raina riba komai ƙanƙantarta. Mutum ne mai riƙo da addini. A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, a cikin tafiyar kuma ya biya ta Ingila, inda aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Bayan ya dawo ya riƙa biya wa wasu kuɗin zuwa Makka, yana taimakon malamai da almajirai, yana ciyar da mabukata. Wanda ya ɗanɗani maraici da almajirci da bauta ya san zafin rashi.

A ƙarshen rayuwarsa aka shigar da shi Majalisar Sarkin Kano, ko da yake shi ba ɗan sarauta ba ne. Ya kuma haɗa kai da wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin Kano Citizens' Trading Company, da nufin 'yan ƙasa su ma su shiga harkar masana'antu, musamman saƙa, maimakon su tsaya ga saye da sayarwa kawai.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

A shekarar 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa, ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su bari kamfanin da ya kafa, wato Alhassan Dantata and Sons, ya wargaje. Ya san abin da ya saba faruwa: attajiri ya rasu, a raba gādo, kowa ya kama gabansa, cikin 'yan shekaru a nemi dukiya a rasa. Shi kansa ya ga haka a gidan mahaifinsa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Zuriyarsa ta ci gaba da sana'a. Ɗansa Alhaji Sanusi ya shahara a cinikin gyaɗa da sufuri. Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025, ya faɗaɗa harkokin gidan zuwa gine-gine da masana'antu. Alhaji Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da sukari da matatar mai a Legas, tattaɓa-kunnensa ne, domin mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi ce. Ita kuwa dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970, sakamakon fari da cutar da ta kama gyaɗa da kuma komawar hankalin ƙasa ga man fetur. Gidan Ɗantata bai ɓace tare da ita ba, domin tun kafin lokacin ya riga ya kama wasu hanyoyi.

Masana tarihin tattalin arziki sun yi rubutu a kan zamanin da ya rayu a ciki. Jan Hogendorn ya wallafa littafi a 1978 a kan yadda fitar da gyaɗa ya faro a Nijeriya, Paul Lovejoy kuma ya wallafa nasa a 1980 a kan fataucin goro na Hausawa. Littattafan biyu sun nuna cewa bunƙasar ciniki a Kano ba aikin Turawa kaɗai ba ne. Dogo da jirgi nasu ne, amma manoman da suka zaɓi gyaɗa da fataken da suka san hanyar tattaro ta 'yan ƙasa ne.

Kammalawa

Alhassan Ɗantata bai ƙirƙiro jirgin ruwa ko jirgin ƙasa ko banki ba. Waɗannan abubuwa sun zo wa kowa a lokaci ɗaya. Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne saurin gane amfanin sabon abu, da tanadin da ya ba shi jarin shiga cikinsa, da amanar da ta sa mutane suka bi shi duk inda ya nufa. Ɗalibin da yake sha'awar kasuwanci, ko a Kano yake ko a Aba ko a Ibadan, zai tarar da sauye-sauye irin na zamaninsa. Kayan ciniki da hanyoyinsa za su ci gaba da sauyawa, amma har gobe ba a ba mutum jari sai an yarda da shi.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Falke: mai tafiya gari-gari domin ciniki. Jam'insa fatake.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare.
Madugu: shugaban ayari.
Zango: wurin da matafiya suke sauka su huta.
Wuri: ƙaramin ƙoƙon dodon-koɗi na teku da aka yi amfani da shi a matsayin kuɗi a dā.
Huhu: ƙunshin goro da aka ɗaure da ganye.
Kuɗin fito: abin da fatake suke biya kafin su ƙetare kogi ko su ratsa wata ƙasa.
Jari: kuɗi ko kayan da ake fara sana'a da su.
Fansa: biyan dukiya domin a 'yantar da wanda aka kama.
Tattaɓa-kunne: ɗan jika ko 'yar jika.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Alhassan Ɗantata, kuma a wace shekara?
2. Yaya aka yi ya sami sunan Ɗantata?
3. Bayyana ayyuka uku na madugu.
4. Me ya sami Alhassan a lokacin Yaƙin Basasa?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa hanyar teku ta fi hanyar ayari riba.
6. Don me manoman Kano suka fifita gyaɗa a kan auduga?
7. Waɗanne abubuwa uku ne suka sa Alhassan ya fi sauran wakilan sayen gyaɗa?
8. Wace matsala manoma suka fuskanta a cinikin gyaɗa?
9. Me ya sa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su bari kamfaninsa ya wargaje?
10. Rubuta sakin layi biyu a kan wani shahararren ɗan kasuwa na yankinku, ka kwatanta shi da Alhassan Ɗantata.